Yadda ake ɗaukar amon amfilifayar jita cikin kwamfuta a situdiyon gida

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar, ya ƙetaro iyaka zuwa Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. An yi aikin ne bisa salon waƙoƙin Hausa na zamani na lokacin, wato kiɗan ganga na na'ura da muryar da aka bi da manhajar Auto-Tune. Waƙoƙin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, har ɗaya daga cikinsu ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones, wanda kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a faifai a 2011.

Duk wanda ya saurari Anar, sannan ya saurari Afrique Victime da mawaƙin ya fitar a 2021, zai ji kamar makaɗa biyu ne daban. A kundin baya jitar tana ruri, tana cika kunne kamar yadda take yi a filin biki a Agadas. Hannun makaɗin ya ƙara nuna, babu shakka, amma babban abin da ya shigo tsakani shi ne amfilifaya, da kuma sanin yadda ake kama amonta. Abin lura kuma shi ne, an ɗauki wasu sassan wannan kundi a gidajen kwana da ɗakunan otal, kundin da ya biyo baya kuwa, Funeral for Justice na 2024, an ɗauke shi cikin kwana biyar a wani gida da kusan babu kayan ɗaki a cikinsa a Jihar New York.

Wannan labari ya shafi ɗan kasuwar Jega da ɗansa ya kawo masa dogon lissafin kayan situdiyo, da ma'aikacin gwamnati a Maiyama da ke son ware ɗaki guda don wannan sana'a, da ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da matashin Mungadi mai jita da tsohuwar kwamfuta. Aikin da a da sai an yi tattaki zuwa Kano ko Legas, yanzu yana yiwuwa a ɗaki guda. Sai dai kuɗi da yawa na salwanta wajen sayen abin da ba shi ne matsalar ba, domin an tsallake fahimtar inda amon yake fitowa.

Inda amon yake fitowa

Jitar lantarki ba ta da ƙwarya mai amsa sauti irin ta gurmi ko garaya. Idan aka kaɗa ta babu wuta, da ƙyar na ƙofar ɗaki zai ji. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Tsirkiya na kaɗawa, sai ƙaramar wuta ta taso a cikin wayar, tana hawa da sauka daidai da kaɗawar. Wannan wuta ce ke bin kebul zuwa amfilifaya.

Aikin amfilifaya hawa uku ne. Hawa na farko yana ɗaga ƙaramar wutar, yana kuma gyara kaifinta da kaurinta. Na biyu yana ba ta ƙarfin da za ta iya tura lasifika. Na uku shi ne lasifikar kanta, wadda galibi faɗinta inci 12 ne, da akwatin katakon da take ciki. Idan aka ɗora wa hawa na farko ko na biyu abin da ya fi ƙarfinsa, sai sautin ya fara gurnani. A rediyo wannan aibu ne, amma a jita shi ne abin nema, musamman a amfilifaya mai bawul, wato ƙwayayen gilashi irin na tsofaffin rediyo, waɗanda gurnaninsu ke shigowa a hankali gwargwadon nauyin hannun makaɗi.

Lasifikar jita kuma tacewa take yi. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa har kusan sau 20,000 a daƙiƙa, amma ita takan fara yin sanyi daga wajen 5,000, ta zubar da ƙaiƙayin da ke sama. Shi ya sa wanda ya jona jita mai gurnani kai tsaye cikin kwamfuta, ba tare da lasifika ko abin da ke kwaikwayonta ba, yake jin wani zuzu mai kaushi kamar taron ƙudan zuma. Jitarsa lafiya lau take, ya tsallake hawa na uku ne kawai.

Tsakanin duk wannan da kwamfuta akwai ɗan akwatin shigar da sauti, wanda masu situdiyo ke kira sawunkad. Aikinsa auna wutar da ke shigowa sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, ya mayar da kowane awo lamba. Waɗannan lambobi su ne kwamfuta ke adanawa. Hanyoyi uku ne ake bi a kai amon amfilifaya ga wannan akwati.

Hanya ta farko: makirufo a bakin lasifika

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har yau ba a bar ta ba. Makirufon da ya fi shahara a aikin shi ne Shure SM57, wanda ya fito tun 1965, domin yana jure ƙara kuma ba ya buƙatar wuta ta musamman. Shahararsa ta sa jabunsa ya yi yawa a kasuwa, don haka mai saye ya yi hattara da arhar da ta wuce hankali.

Ana kafa makirufon kusa da ragar lasifika, tazarar yatsu biyu ko uku. Idan ya fuskanci tsakiyar lasifikar, sauti zai fito da kaifi. Idan aka matsa da shi wajen gefe, zai yi taushi da kauri. Matsawar da ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba tana iya sauya amon fiye da sauya makirufon da wani mai tsada, saboda haka ƙwararru sukan ɓata lokaci a nan: mutum ɗaya na kaɗawa, ɗaya na sanye da abin saurare a kunne yana matsa makirufo kaɗan kaɗan har ya sami wurin da ya dace, sannan ya yi alama a ragar da alli ko salatif. Yana da kyau a ɗora amfilifayar a kan kujera, a kuma janye ta daga kusurwar ɗaki, domin ƙasa da kusurwa suna kumbura kaurin sauti har ya zama dunƙule.

Mai makirufo biyu ya kula da tazara. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka idan ɗaya ya fi ɗaya nisa, amon zai iske su a lokuta mabambanta, in an haɗa su sai wani sashe ya cinye wani, sautin ya rame. Ga mai farawa, makirufo ɗaya da aka kafa da kyau ya wadatar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika awo. Gurnanin amfilifaya ado ne, amma gurnanin da ke faruwa idan sauti ya fi ƙarfin sawunkad tsagewa ce da babu manhajar da ke ɗinke ta. A saita ɗauka a kan bit 24, a bar allurar awo tana tsayawa wajen desibel 10 zuwa 12 ƙasa da ƙololuwa a lokacin da makaɗi ya fi bugawa da ƙarfi. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya.

Ɗaki ma yana shiga cikin faifai. Ɗakin bulo mai tayil da bango fayau yana mayar da amo, rufin kwano kuwa yana ƙara idan rana ta buga shi ko ruwa ya sauka. A nan tsohon gini ya yi wa sabo fintinkau: ɗakin laka mai kaurin bango da rufin azara, irin wanda har yanzu ake samu a Mungadi da ƙauyukan Maiyama, yana tare hayaniyar waje, bangonsa kuma ba ya wulla sauti kamar siminti mai santsi. Wanda ba shi da irinsa ya jingina katifa a bayan makirufo, ya shimfiɗa darduma, ya rataya barguna masu nauyi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana ƙara fita ko shiga.

Hanya ta biyu: amfilifaya a cikin manhaja

Matsalar hanya ta farko ita ce ƙara. Amfilifaya mai bawul ba ta nuna halinta sai an buɗe ta, kuma a unguwar da gidaje ke manne da juna, ga masallaci a kusa, ga masu barci, wannan na iya jawo ƙorafi har gaban mai unguwa. Mafita ita ce a jona jita kai tsaye cikin sawunkad, manhaja ta yi aikin amfilifaya da lasifika, makaɗi na ji a kunnensa shi kaɗai. Kamfanin Line 6 ya yaɗa wannan dabara da ƙaramar na'urarsa POD a 1998, kamfanin IK Multimedia na Italiya kuma ya fitar da manhajar AmpliTube a 2002.

Abu uku ne ake kiyayewa. Na farko, ramin da za a jona jitar ya zama na kayan kiɗa. A yawancin sawunkad akwai maɓalli mai rubutun INST ko Hi-Z, kuma idan ba a danna shi ba, jitar za ta fito a dushe kamar an rufe ta da bargo. Na biyu shi ne jinkiri, wato lokacin da ke tsakanin taɓa tsirkiya da jin sautin. Ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Jinkirin milisakan 10 daidai yake da tsayawa kimanin mita uku da rabi daga lasifika, kuma yawancin makaɗa ba sa damuwa da abin da bai kai haka ba. Idan ya yi yawa, hannu da kunne sukan saɓa, kiɗa ya rikice. Ana rage shi ta hanyar rage ma'ajin wucin gadi da manhaja ke tara sauti a ciki zuwa 128 ko 64, da kuma amfani da direban ASIO na sawunkad ɗin a kwamfuta mai Windows. Na uku shi ne kwaikwayon lasifika, wanda ake yi da wani ɗan fayil da ake kira IR. Shi wannan fayil tamkar tambarin yatsa ne na wata lasifika da makirufon da aka kafa mata, kuma sauya shi kaɗai yana sauya kamannin sauti ƙwarai.

Babbar ribar wannan hanya ita ce kwamfuta tana adana tsurar sautin jitar, kafin a yi masa komai. Idan bayan wata guda mawaƙi ya ce gurnanin ya yi yawa, ba sai an sake kiran makaɗi daga Birnin Kebbi ko Ƙonni ba. A zaune za a sauya amfilifayar.

Hanya ta uku: ɗaukar hoton amfilifayar kanta

Hanya ta biyu tana ba mutum amon amfilifayar da wani kamfani ya zaɓa. Ta ukun tana ba shi damar kwafe tasa. Kamfanin Kemper na Jamus ne ya fito da na'urar da ta shahara da wannan a 2011. Daga baya Neural DSP na Finland ya kawo Quad Cortex, IK Multimedia ya kawo TONEX a 2022. Wadda ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce Neural Amp Modeler, ko NAM a taƙaice, wadda wani Ba'amurke, Steven Atkinson, ya ƙirƙira ya sake ta kyauta. Kasancewarta kyauta yana raba mai situdiyo da manhajojin sata da ake fasawa, waɗanda sau da yawa ke zuwa da cutar kwamfuta.

Ga yadda aikin yake. Akwai fayil na gwaji mai tsawon kimanin minti uku, cike da sautuka iri iri, masu ƙarfi da marasa ƙarfi. Ana tura shi daga sawunkad zuwa cikin amfilifaya, a ɗauki abin da ya fito ta makirufo. Yanzu ke nan akwai fayil biyu, abin da ya shiga da abin da ya fito. Sai a miƙa su ga manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, ta yi ta gwada hasashenta da ainihin abin da amfilifayar ta fitar, tana gyara kanta zagaye bayan zagaye, har bambancin ya zama kaɗan. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfin wannan horo yana iya yin sa ta intanet. Abin da ke fitowa a ƙarshe ɗan fayil ne da bai kai nauyin hoto guda na wayar hannu ba, ana iya aika shi ta WhatsApp.

Tsakanin sawunkad da amfilifaya ana so a sa ƙaramin akwatin da ke mayar da sautin kwamfuta ya yi kama da na jita, wanda ake sayarwa da sunan reamp. Rashinsa kan jawo zuzu, ko ya sa a cusa wa amfilifayar ƙarfin da jita ba ta taɓa ba ta ba, hoton ya fito ba daidai ba.

Hanyar tana da iyaka. Hoto ne na saiti guda: idan an ɗauke shi maɓallin gurnani na kan biyar, to a kan biyar ya fi gaskiya. Mai son saiti uku sai ya ɗauki hoto uku. Ba ta kuma kama adon da ke tafiya da lokaci, kamar amsa-kuwwa da lilon sauti irin wanda Roland JC-120 ta yi suna da shi tun 1975. Dole a kashe su yayin ɗauka, a mayar da su daga baya a manhaja.

Akwai gargaɗi ga mai amfilifaya mai bawul: kada a kuskura a kunna ta a tura mata sauti alhali an cire lasifikarta, domin taransifomar da ke cikinta na iya ƙonewa. Mai son ɗauka shiru sai ya nemi akwatin da ke maye gurbin lasifika ya shanye ƙarfin. Kuma kada wanda ba gwani ba ya buɗe cikinta, domin tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga soket.

Wuta, zafi da ƙura

A Jihar Kebbi, inda kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke ba da lantarki kamar yadda yake bai wa Sakkwato da Zamfara, yawancin masu irin wannan aiki suna haɗawa da janareta ko sola. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma maganaɗisun jita yana tsintar wannan juyi daga wayoyin bango, ya mayar da shi wani gunji mai kauri da ke kwance a ƙarƙashin kiɗa. Jita mai maganaɗisu ɗai ɗai, irin Fender Stratocaster da makaɗan Agadas ke so, ta fi kamuwa da wannan. Tagwayen maganaɗisun da kamfanin Gibson ya fara sa wa jitocinsa a 1957 an yi su ne don kashe shi.

Maganin sau da yawa ba ya cin kuɗi. Makaɗi ya juya jikinsa a hankali yana saurare, zai sami fuskar da gunjin ya ragu. A kashe fanka da fitila mai tsawo da cajar waya marar kyau. A zare cajar kwamfutar tafi-da-gidanka a yi ɗauka da batir. A jona dukkan kayan sauti a soket guda. Mai sayen inbata ya nemi mai fitar da wuta sumul irin ta layi, domin mai arha da ke fitar da ita a kakkarye tana zuba zuzu a cikin sauti. Janareta kuwa a kai shi nesa, a sa na'urar daidaita wuta tsakaninsa da kayan aiki.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi, wato wayar kariya da ake binnewa a ƙasa. Wasu sukan karya ƙafa ta uku ta fulogi don gunji ya tafi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, don haka in wuta ta ɓalle a ciki babu hanyar ƙasa, jikin makaɗi ne zai zama hanyar. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, ya rasu a gidansa sakamakon jan wuta yana kaɗa jitar lantarki. Kafin a sayi komai, a kira mai gyaran wuta ya tabbatar ɗakin yana da wannan kariya.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, fankar kwamfuta ta yi ta huci, makirufo ya kwashe. Sassafe ko bayan sallar isha'i sun fi dacewa da ɗauka. Lokacin hunturu kuma ƙura na shiga maɓallan amfilifaya su riƙa ƙaras ƙaras, don haka a rufe kaya da zane idan an tashi.

Abin da ya cancanci kuɗi

Ga uban da zai fitar da jari, jerin buƙata gajere ne: gyaran wutar ɗaki, kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, sawunkad mai rami biyu irin su Focusrite Scarlett, abin saurare mai rufe kunne, makirufo ɗaya na gaske, da kebul masu kyau. Sababbin tsirkiyoyi da jitar da aka saita daidai sun fi kowace manhaja tasiri. Babbar amfilifaya mai tsada ita ce ta ƙarshe a jerin, ana ma iya aron ta na yini guda a ɗauki hotonta, da izinin mai ita.

Ga matasan da za su yi aikin kuma, akwai wani giɓi da ya kamata su gani. Rumbunan intanet cike suke da dubban hotunan amfilifaya, amma mafi yawansu na Marshall ne da Vox na Ingila da Fender ta Amurka, an saita su don kiɗan can. Idan kowane situdiyo daga Jega zuwa Maraɗi ya dogara da su kaɗai, jitocin yankin za su koma magana da murya ɗaya, kuma ba muryar gida ba. Amon da ya kai makaɗan Nijar manyan dandamalin duniya ya samo asali ne daga ƙananan amfilifayoyin biki da aka buɗe har ƙarshe a fili, da janareta a gefe. Haka ma mai kukuma ko mai gurmi da ke liƙa ƙaramin makirufo a jikin ƙwarya ya jona da tsohuwar amfilifayar da mai gyaran rediyo ya sha faci yana da nasa amon, wanda babu kamfanin da ya taɓa ƙera shi da gangan. Ranar da wannan akwati ya ƙone, amon ya tafi ke nan, sai fa in an riga an kwafe shi. Aikin ba ya wuce yini guda: a nemi yardar makaɗin, a ɗauki hoton a saitin da ya saba kiɗa da shi, a rubuta sunan na'urar da garin da ranar a jikin fayil, a ba shi kwafinsa, a kuma ajiye wani a wuri biyu daban.